Bencin walda a but ɗin Prado: daidai yake da kujerar kamfani?

Kawu: Assalamu alaikum. Prado ɗin nan tawa mutum biyar take ɗauka, mu kuwa mun kai takwas. Na yi magana da wani mai walda a Panteka, zai haɗa min benci biyu a but, suna kallon juna. Ni a wajena ƙarfe ƙarfe ne, bambancinsa da na kamfani kuɗi ne kawai.

Yaya Babba: Wa'alaikumus salam. Kawu, Allah ya ƙara girma, amma akwai bambanci. Masu walda na Panteka sun iya aiki, wannan ba a musu. Inda za a ɗaure bencin ne abin dubawa. Ƙasan but kwano ne marar kauri, wuraren da kamfani ke ɗaure kujera da bel kuwa an ninka musu ƙarfe ta ƙasa. In aka huda kwanon aka sa noti kawai, ranar karo notin zai yage shi, benci da yaro su taho gaba tare.

Auta: To ai doguwar Land Cruiser ɗin nan ta ƙungiyoyin agaji benci ne gefe da gefe, kuma haka ake ƙero ta daga Japan.

Yaya Babba: Wannan tun farko don haka aka yi ta, har sifirin ɗinta. Ko ita ma, zaman gefe bai kai na kallon gaba aminci ba. A taka birki da ƙarfi, mutum ya tafi ta kafaɗa, kansa ya haɗu da na kusa da shi.

Gwaggo: Ku yaran yanzu akwai tsoro. Shekara nawa muna zuwa Zariya a cunkushe a motar haya? Allah ne mai tsarewa. Ni abin da ya dame ni hayaƙi. In aka huda ƙasan mota ba a toshe da kyau ba, hayaƙin salansa da ƙura ciki za su shigo, kuma yara za a zuba a can.

Oga Makaniki: Gwaggo ta faɗi gaskiya a nan. Ga tankin mai da wayoyin fitilar baya duk a ƙarƙashi, ba wajen wasa da wutar walda ba ne. Alhaji, Prado akwai wadda ta zo da layin kujeru na uku tun daga kamfani. A nemo kujerar Beljiyam ta irin motarka, da bel ɗinta. Wasu in ka ɗaga kafet za ka tarar da ramukan notin suna nan.

Auta: 'Yan KASTLEA, masu kula da dokokin hanya a Kaduna, da Road Safety fa? Bel da yawan mutane suke fara dubawa.

Kawu: Waɗannan ku bar ni da su. Ni har yanzu ban yarda bencin zai tsige ba. Amma Oga, gobe bayan la'asar ka zo ka ɗaga kafet ɗin mu gani, ka kuma tambayo min kuɗin Beljiyam ɗin.