Elektrod na azurfa da zaiba: zai iya auna dalma a ruwan rijiya?

Hadiza_Kimiyya:
Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu, aikina auna dalma da kadmiyam (wani ƙarfe mai guba) a ruwan rijiyoyin ƙauyukan da ake haƙar zinare a Zamfara. Tun abin da ya faru a 2010, da gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara, wannan aikin yake raina. Matsalata ita ce elektrod ɗin na'urarmu, wato ɓangaren da ake tsomawa a ruwan don a auna, mai ɗigar da zaiba ne. Makon jiya bututunta ya tsage, zaiba ta watse a tebur, ƙananan ƙwallaye suna gangarawa cikin tsagar siminti. Muka wuni muna bin su da garin farar wuta. Gaskiya na tsorata. An ce akwai elektrod daskararre na gaurayen azurfa da zaiba. Akwai wanda ya taɓa aiki da shi?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na yi aiki da shi. Abin da ya sa aka riƙe zaiba tun da masanin kimiyya Heyrovský ya ƙirƙiro folarografi (auna sinadarai a ruwa ta hanyar lantarki da ɗigon zaiba) a 1922 shi ne haidurojin ba ya saurin tasowa a kanta, sai ki samu fili mai faɗi na yin awo a ɓangaren negatif na ƙarfin lantarki. Gauraye da azurfa yana riƙe mafi yawan wannan halin, kuma ba ya zubewa. A Prague, babban birnin ƙasar Czech, aka fi bunƙasa shi.

Amma akwai abin lura. Kowane ɗigon zaiba sabuwar fuska ne, wannan kuwa fuska ɗaya ce, ke za ki riƙa farfaɗo da ita. Kafin aiki ina tsoma shi a ruwan gishirin fotasiyam (KCl) mai ƙarfin 0.2 M, in ba shi lantarki -2.2 V na minti biyar. Ranar da na yi gaggawa na tsallake, layin dalmar da na'ura ke zanawa ya baje, ban iya karanta komai ba. Kuma ki kori iskar oksijin da naitirojin tukuna.

Dakta Binta:
Hadiza, ki duba elektrod na ƙarfen bismot ma. Tun 2000 ake amfani da shi wajen dalma da kadmiyam, ba zaiba ko ɗigo. Da yarjejeniyar Minamata ta duniya kan taƙaita amfani da zaiba ta fara aiki a 2017, sayo zaiba ya ƙara wuya. Gaurayen ma in ya tsufa kada ya shiga kwandon shara.

Hadiza_Kimiyya:
Na gode, Malam, na gode, Dakta, Allah ya saka da alheri. Ruwan namu yana da laka sosai. In tace shi kafin in zuba asid, ko bayan?