Akwatin kaya ya rufe gurbin lambar babur ɗina, ina ya dace in ɗaura ta?

Mai Shago, Kubwa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar hanya da kuma masu gyaran babur da ke cikin wannan zaure. Ina da shagon kayan masarufi a Kubwa, kuma na sayi babur ƙirar Bajaj Boxer domin ɗauko kaya daga Zuba da Dei-Dei, ba don haya ba. Na yi masa rajista, an ba ni lamba da takardu. Sai dai mai walda ya ƙera mini kariya mai faɗi, wato ƙarfen ɗora kaya na bayan babur, da akwatin ƙarfe a kanta, kuma akwatin ya zarce baya ya sauko har ya rufe wurin da ake ɗaura lamba a ƙarƙashin danja. Wani ya ce in ɗaura ta a gefe kusa da shokazoba, wani kuma ya ce in kafa ta a jikin akwatin. Maƙwabcina, wanda aka taɓa sace masa lamba, ya ce kada in ɗaura ta sam, in ajiye ta tare da takardu, idan jami'ai sun tare ni in fito da ita in nuna musu. Wanne ne daidai a doka, kuma wanne ne ba zai jawo haɗari ba?

Tsohon Direba, Gwagwalada:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarar maƙwabcinka ce ya kamata ka fara ajiyewa a gefe, duk da cewa da kyakkyawar niyya ya ba ka ita. Ƙa'idojin zirga-zirga na ƙasa na shekarar 2012, waɗanda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wato FRSC, ke aiki da su, sun buƙaci lamba ta kasance a kafe a jikin abin hawa, a tsaye, a inda za a iya karanta ta, kuma ta baya ta samu haske da dare. Lambar da ke cikin akwati ba ta cika ko ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa ba, domin ba jami'in da ya riga ya tsayar da kai kaɗai aka yi ta don ya gani ba. An yi ta ne domin wanda ke bayanka ya iya karanta ta yayin da kake tafiya, ko da mai tafiya a ƙasa ne da ya ga haɗari ya auku kuma yana so ya ba da shaida. Rashin ɗaura ta, da rufe ta, da lanƙwasa ta, duk laifin karya dokar lamba ne, kuma akwai tara a kansa.

Ka kuma lura cewa lambar tana ba da bayani tun daga nesa. Rubutu shuɗi na abin hawan mai zaman kansa ne, ja na haya ne, kore kuma na gwamnati. A tsarin da aka fara amfani da shi a 2011, haruffa uku na farko suna nuna yankin da aka yi rajista, kamar KUJ na Kuje, BWR na Bwari, ko GWA namu na Gwagwalada. A Abuja wannan yana da nauyi, domin tun 2006, lokacin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin tarayya, aka hana acaɓa a tsakiyar birni, kuma har yau babur abin sa wa ido ne. Babur marar lamba shi ake fara zargi, mai shi kuma shi ne zai ɓata yininsa wajen bayani alhali yana da gaskiyarsa. A ganina akwatin ne ya kamata ya matsa, lamba ta zauna a gurbin da kamfani ya yi mata.

Bakanike, Zuba:

Baba ya faɗi ɓangaren doka, ni zan yi magana a kan ƙarfe. Kamfani bai zaɓi tsakiyar baya a ƙarƙashin danja da ka ba. Idan ka duba ƙasan fitilar baya ta irin babur ɗinka za ka ga wani ɗan gilashi fari, wanda ta nan ne haske ke sauka a kan lamba da dare. Da zarar ka mayar da ita gefe ko jikin akwati, ta rabu da wannan haske, sai dai a ja mata wata waya da ƙaramin ƙwai na daban, kuma farin haske ake so, ya haska lambar kawai ba tare da ya kashe idon mai bin ka a baya ba. Shi ma akwatin da ya sauko har ya rufe lamba, tabbas ya tare wani sashe na danja da sigina, kuma wannan ya fi batun lambar haɗari, musamman a babbar hanyar Zuba zuwa Kubwa inda manyan motoci ke gudu da dare. Direban da bai ga danjarka ta kama ba, ba zai san ka taka birki ba.

Abin da za ka yi shi ne ka koma wurin mai walda ya ɗaga akwatin ko ya matso da shi gaba, yadda idan mutum ya tsaya a bayan babur daga nesa, ko ya ɗan karkata dama ko hagu, zai ga fitila da lamba sarai. Idan tsawon kariyar ya hana hakan, to a mayar da danja da sigina da lamba gaba ɗayansu zuwa ƙarshen kariyar, a jikin ƙarfen da ba a cirewa. Kada a kafa lamba a jikin akwatin da ake saukewa, domin ranar da ka sauke shi ka fita, ka fita ne babu lamba.

Akwai kuskuren da nake yawan gani, wato a sauke lamba ƙasa sosai domin ta kauce wa kaya. Babur yana tsaye babu kaya za ka ga akwai tazara tsakaninta da taya, amma idan aka ɗora buhun shinkafa mai kilo 50 aka faɗa rami, shokazoba ta nitse, sai taya ta kamo lambar ta naɗe ta. Saboda haka a gwada tazarar da kaya a kai, mutum ya zauna ya danna bayan babur da ƙarfi. Wajen ɗauri kuma, lambar falle ce marar kauri, girgizar inji da ta hanya ce ke tsaga ta daga bakin huda. A sa mata faffaɗan ƙarfe ko roba mai tauri a bayanta, a yanka tsohon tiyub a sa tsakaninta da noti, kuma kada kan notin ya hau harafi ko lamba. Kada a yi mata walda, kada kuma ta kusanci salansa, domin zafi yana ƙona fatar da ke sa ta ƙyalli idan fitila ta haska ta. Murfin roba mai duhu da matasa ke sa wa don ado ma a bar shi.

Game da gaba, baburan Bajaj da TVS daga Indiya suka samo asali, inda doka ta ce a sa lamba gaba da baya, shi ya sa wasu ke zuwa da wurin ɗauri a ƙarƙashin fitilar gaba. Duk wanda zai kafa wani abu a gaba ya sa shi yana fuskantar hanya. Tsohon yayin kafa falle a tsaye bisa murfin tayar gaba yana yanka mutum idan an yi karo, kuma a Ingila an daina wajabta lambar gaba ga babura tun 1975.

Maman Yara, Dutse Alhaji:

Ina so in ƙara magana a kan ɗaurin gefe, domin mu mata mu ne muka fi sanin illarsa. Ko da Malam ba haya yake yi ba, wata rana zai sauke akwatin ya ɗauki iyalinsa. Duk ƙarfen da ya fito a gefen tayar baya yana iya kama bakin hijabi ko zani ko babbar riga, kuma tufar da ta maƙale a wurin ba ta da nisa da sarƙa. Gefen lamba yana da kaifi, yana yanka ƙafa wajen hawa da sauka, balle ƙafar yaro. Don Allah a bar wannan shawara.

Mai Shago, Kubwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan mayar da babur wurin mai walda. Amma tsoron maƙwabcina yana nan: idan aka kwance lambar aka aikata laifi da ita, ai sunana ne a rajista.

Tsohon Direba, Gwagwalada:

Tsoron yana da tushe, amma maganinsa a wajen ɗauri yake. Ka ce wa bakanike ya sa noti mai kulle kansa, ko ya daddaƙe ƙarshen zaren bayan ya ɗaure, yadda ba za a kwance ta da sauri a bakin kasuwa ko ƙofar masallaci ba. Ka ɗauki hoton babur da lambar a jikinsa, da hoton lambar inji da ta gangar jiki, ka adana kwafin takardunka a gida. Ka kuma shiga shafin FRSC na tantance lamba a intanet ka tabbatar bayanan da suka fito na babur ɗinka ne.

Idan kuma ƙaddara ta sa aka sace ta ko ta faɗi a hanya, ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa ba tare da jinkiri ba, ka karɓi takardar rahoton, ka yi takardar rantsuwa a kotu, sannan ka je ofishin da ya yi maka rajista domin a sake maka wata. Waɗannan takardu masu ɗauke da kwanan wata su ne shaidarka idan lambar ta ɓulla a wani wuri daga baya. Kafin sabuwar ta fito, ka riƙa tafiya da su, kuma kada ka ari lambar wani babur ko ka sa mai fenti ya zana maka wata a falle, domin laifin wannan ya fi na rashin lamba girma.