Babba da littafin matasa, abin da aka ce a majalisa

An yi hira a majalisarmu nan Ringim kan manya masu karanta littattafan soyayya na samari da 'yan mata, ga abin da na tsinta.

Yawanci sun ce ba abin kunya ba ne, mutum ya dawo daga gona a gajiye ina zai iya da littafi mai nauyi, waɗannan kuwa Hausarsu sassauƙa ce labarin baya jan ƙafa, babi biyu bacci ya ɗauke ka. Wani malamin firamare ya ce shi yana karantawa ne don ya san me 'ya'yansa ke karantawa a waya, kuma wallahi nan na fi yarda, don wasu da ake turowa a WhatsApp sam basu dace da yaro ba.

Wajen samu ne matsalar, shagunan hayar littafi sun ja baya tunda waya ta zo. Aka ce a haɗa kuɗi, mai shiga Kano ya sayo a dinga karɓa-karɓa. Laburaren Murtala Muhammad na Kano yana nan, amma wa zai biya kuɗin mota don littafi ɗaya? Mai son gajeru ya nemi labaran gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016 ake yinta.