"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi": wa ya fi gaskiya cikin mutanen nan biyu?

Ɗan Mabera: Salamu alaikum jama'a. Ran Asabar munka yi taron iyaye da malamai a makarantar ɗiyata, aka tashi baram-baram. Malamar aji huɗu ta sa yara su shuka wake cikin gwangwanin madara, kullum su auna tsawonsa su rubuta abin da sunka gani. Wani dattijo ya miƙe ya ce shi bai biya kuɗi don a mai da jikansa manomin gwangwani ba, a koma ga hadda da tsumagiya, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hedimasta ya ce, "Baba, daidai ka faɗa, shi ya sa muke son ya koyi lura da tambaya tun yanzu." Karin magana ɗaya, kowa ya ja ta gefensa. Ku raba mu.

Malam Na Arkilla: Hedimasta ya fi kusa. Ni malami ne, abin da malamar ta yi yana cikin manhajar da NERDC, hukumar tarayya mai tsara manhajar makarantu, ta fitar, ba ƙirƙirarta ba ce. A nan Sakkwato aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya na UBE a 1999, shekara tara na karatun tushe, amma har yau yaro na gama aji shida ya zubo maka ma'anar kimiyya kalma-kalma, ka tambaye shi me ya sa randa ke sanyaya ruwa ya tsaya kallonka.

Mai Shayin Ƙofar Rini: Malaminmu na firamare shi ma ya yarda da maganar ɗari bisa ɗari. Kullum ɗanyen icce yake aiken mu mu karyo masa a dogon yaro. Sai dai mu ake tanƙwarawa, ba iccen ba.

Bawan Allah: Ku daina raina hadda. Da ita munka riƙe Alƙur'ani. Shagari ma yana malamin makaranta da waƙa ya koyar da labarin ƙasa, yara na rerawa suna riƙewa. Kuma hali zanen dutse ne, wani iccen a karkace ya tsiro.

'Yar Wurno: Kun tuna mini da kakata, Allah ya jiƙan ta. Ba ta taɓa shiga aji ba, wajen jajin garinsu, wato malamar da ke koyar da mata, ta yi karatu, irin 'yan tarun da Nana Asma'u ta assasa, waƙoƙin tauhidi da na tsarki duk a kanta suke. Wata rana na dawo makaranta ina ta rera biyu sau biyu, ina jin kaina. Tana zaune tana kaɗi, ko kallona ba ta yi ba. Ta jawo faifai ta zube gujiya, ta ce, "Kishiya, raba ma ƙannenki biyar, kar wani ya fi wani." Wallahi na daskare. Ba allo, ba alli, ba wanda ya ce mini lamba nawa ce. Na ce Inna ki ƙirga mini. Ta ce ita mazarinta ta sani. Tun azahar har inuwa ta kai bakin rijiya ina zaune, yaran nan na zagaye da ni kamar kaji. Daga baya na fara ajiye ɗaya-ɗaya gaban kowa, zagaye bayan zagaye, har saura ƙwara uku. Ta ce, "To waɗannan fa?" Na yi shiru, can na tura mata su gabanta. Ta yi dariya har zaren ya tsinke, ta ce yau dai kin yi karatu.

Da dare kuma kacici-kacici. Ka kasa, ka ba ta gari, ta ce ba ta so. Na ba ki Gwadabawa, a'a. Na ba ki Kano, ta ce hayaniya. Ko Makka ka ba ta sai ta ce je ka kwana da shi. Akwai guda da har ta rasu ba ta warware mana ba: yana cikin gida, kowa na taka shi, bai shiga bai fita.

Bawan Allah: Allah ya gafarta mata. Amma lura, ita ma hadda ta yi wajen jaji.

'Yar Wurno: Ta yi, ban musa ba. Amma ban taɓa ganin ta ɗauki tsumagiya ba, ido kawai.

Mai Shayin Ƙofar Rini: Kowa na taka shi, bai shiga bai fita? Talaka ne, Hajiya.

Ɗan Gawon Nama: Kai dai bari. Su o'o nasu iccen a Ingila da Dubai ake tanƙwara shi. Akwai ajin da na sani, sau uku ana zuwa da 'yan jarida a aza harsashinsa, duk lokacin zaɓe. In su aka ba faifan gujiyar nan, ƙwara ukun za su raba ma yaran.

Malam Na Arkilla: Mu dawo kan magana don Allah. Icce ba ya tambayar don me ake lanƙwasa shi, yaro kuwa yana yi, a nan misalin ya gaza.

Bawan Allah: Malam, yanzu kuma magabata ne sunka gaza?

Ɗan Gawon Nama: Dokin ƙofa ne amsar.

'Yar Wurno: Mun faɗa mata haka tun muna yara, ta ce a'a.

Ɗan Mabera: Ni da na kawo ƙara an mance da ni. Waken dai ya kai taƙi ɗaya jiya, akuyar maƙwabta ta cinye. Yarinya tana nan tana kuka, wai me za ta rubuta a littafin.