Neman shawara: Dirayarmu tana ƙauri, kaya kuma ba sa bushewa

A ɓoye sunana:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu sani ku ba ni shawara. Haya muke yi a jihar Ohayo ta Amurka, injin wanki da diraya (injin busar da kaya) suna ɗakin ƙasa, kuma na mai gidan hayar ne, mun tarar da su. Tun da sanyi ya shigo dirayar ta canza hali. A da zagaye ɗaya take busar da kaya, yanzu sai na sake kunna ta kafin tawul ya bushe, kayan su fito da zafi rau amma da danshi a jikinsu. Saman injin ba ya taɓuwa don zafi, gilashin tagar ɗakin sai ya yi ta gumi. Shekaranjiya na sauka kwashe kayan makarantar yara na ji ƙauri, kamar an manta dutsen guga a kan yadi. Rariyar nan ta bakin ƙofa kuwa kowane wanki sai na cire audugar da ta taru a kanta. Abban yara ya ce tsufa ne kawai, mu lallaɓa zuwa ƙarshen wata. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mu ci gaba da lallaɓawa, ko yaya?

Injiniya daga Teksas:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki sake kunna ta. Cire ta daga wuta yau ɗin nan, a yi wanki a waje kafin a duba. Abin da kika lissafa ba alamun tsufa ba ne, alamun bututu ne ya toshe.

Aikin diraya ba zafi kaɗai ba ne. Tana ɗumama iska, iskar ta kwashi danshin kaya, sai fanka ta tura ta cikin bututu ta fice waje. Rariyar da kike sharewa tana tare wani kaso ne na audugar, sauran mai laushi yana wucewa, ya manne a jikin bututun saboda danshi, wata bayan wata har hanya ta tsuke. In iska ba ta fita, danshin ba shi da wurin zuwa, shi ya sa kaya ke fitowa jiƙe-jiƙe kuma taga ke gumi. Zafin kuma ya taru a cikin injin, ga auduga busasshiya kusa da ƙarfen da ke ɗumama iskar. Ƙaurin da kika ji, ina kyautata zaton audugar ce ta fara babbakewa a ciki.

Hukumar kula da gobara ta Amurka ta fitar da alƙaluma na 2008 zuwa 2010: kusan gobara 2,900 a shekara daga diraya a gidaje, asarar dukiya wajen dala miliyan 35, kuma kashi 34 cikin 100 rashin tsaftacewa ne sanadinsu. Sun fi yawa a watannin sanyi, watan Janairu ya fi kowanne.

Duba mini abu uku ki faɗa min. Ta lantarki ce ko ta gas? Wane irin bututu ne a bayanta? Sannan ki fita waje ki nemo bakin bututun a jikin bango, ki ga yadda yake.

Hajiya daga Landan:
Subhanallahi. 'Yata ki ji maganar Injiniya. Mu nan mun ga abin da diraya ta yi a 2016, da ta tashi gobara a wani dogon bene a unguwar Shepherd's Bush, mutane da yawa suka rasa matsuguni. Audugar nan ce ke taɓa ƙarfen zafi. A 2019 kamfanin Whirlpool ya yi kiran a maido da dirayoyin Hotpoint da Indesit da Creda da ba a gyara ba. Tun lokacin ni ba na kunna tawa in fita, ba na kunna ta in kwanta. Ko wutar dare ta fi araha, ba ruwana.

A ɓoye sunana:
Na gode Hajiya. Injiniya na duba. Ta lantarki ce. Bututun fari ne na roba mai lanƙwasa, an tura injin jikin bango ya matse shi ya lotse. Daga nan ya haɗu da na ƙarfe, ya hau sama, ya yi kwana uku kafin ya fita. A waje kuma an ɗaure bakinsa da ragar waya, ragar ta cushe da auduga launin toka, murfin ma ba ya buɗewa sosai.

Injiniya daga Teksas:
To kin gano matsala uku a tashi ɗaya. Farin na robar nan ba a yarda da shi ba a diraya, don lanƙwasarsa tana tara auduga, kuma in wuta ta kama shi ma ci yake yi. Ƙa'idar ginin gidaje da yawancin jihohin Amurka ke bi ta ce bututu ya zama na ƙarfe mai santsi a ciki, faɗinsa inci 4. Guntun da ke haɗa injin da bango an yarda ya zama mai lanƙwasa, amma na ƙarfe mai shaidar inganci, kuma kada ya wuce ƙafa 8. Tsawon babban bututun kada ya wuce ƙafa 35, kuma kowace cikakkiyar kwana ana cire mata ƙafa 5 daga lissafin. Ke da kike da kwana uku, ƙafa 15 sun tafi ke nan, saura 20. Sai dai in takardar kamfanin injin ta ba da damar fiye da haka.

Ragar wayar kuwa ƙa'ida ta hana ta ƙarara. Na san don tsuntsu da ɓera aka sa ta, amma murfi mai buɗewa da ƙarfin iska ya rufe da kansa shi ake so. Kuma in za a haɗa gaɓoɓin bututu, da salatif na alminiyam ake naɗewa. Dogon sukurun da ya leƙa ciki ƙugiya ce ta kama auduga.

Wani ɗan'uwa daga Minesota:
Ni fa lokacin sanyi cire bututun nake yi in ɗaura tsohuwar safa a bakin, zafin ya shigo cikin gida. Kuɗin ɗumama ɗaki ya ragu, kaya kuma suna bushewa da wuri. Ki gwada kafin mai gidan ya zo.

Malama daga Kanada:
Haba Malam, wannan ai ba shawarar da za a ba mai yara ba ce. Duk ruwan da ke jikin kayan nan bango da rufi zai koma, nan da nan baƙin gansakuka ya fito, mai asma ya shiga uku. Safar kuma cika take yi ta toshe. In ta gas ce abin ya fi haka muni, don hayaƙin gas ta bututun nan yake fita, kuma iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi, sai dai ciwon kai da jiri, wani a barci yake wucewa. Mai dirayar gas ya tabbata yana da ƙararrawar wannan iska, ban da ta hayaƙi. Mu nan ma bayan an yi dusar ƙanƙara sai mun fita mun share bakin bututun, don tana binne shi.

Wani ɗan'uwa daga Minesota:
Tawa ta lantarki ce Malama, amma na ji. Zan mayar.

Anti mai abincin biki:
Ni wani gefe zan taɓo, don mu masu girki ya fi shafa. Tsumman da kika goge man gyada ko manja da shi, da atamfar da kike ɗaurawa wajen suya, ko an wanke mai ba ya fita duka. In suka fito daga diraya da zafi aka tara su a kwando, man yana iya ci gaba da ɗaukar zafi a tsakiyar tulin har ya kama da kansa, ba ashana ba komai. Ni irin waɗannan da ruwan zafi nake wanke su da sabulu mai yawa, in shanya a igiya. Haka ɗankwalin da ya sha man kitso. Kayan da fetur ya taɓa kuwa ko kusa da diraya kada su je, haka duk wani abu mai soso ko roba a jiki. Kuma a riƙa barin injin ya gama zagayensa, don mintunan ƙarshe na hucewa ne.

Sannan masu sa takardar ƙamshin nan a diraya, tana barin wani maiƙo a rariya wanda ido ba ya gani. Ki tara rariyar a famfo, in ruwa ya kwanta bai wuce ba, ki wanke ta da sabulu da tsohon burushi, ta bushe sarai kafin ki mayar.

Kawu daga Bronx:
Mu dai da muke wanki a shagon da ake jefa wa inji kwabbai Allah ya hutar da mu. Amma 'yata, maganar mai gidan haya ki rubuta masa a rubuce, kada ki tsaya a waya. Ki ɗauki hoton robar da ragar ki haɗa, ki rubuta cewa kin ji ƙauri kuma kin daina amfani da injin. Kalmar haɗarin gobara in ta shiga takarda, da gudu suke zuwa. A Ohayo doka ta ɗora wa mai gida kula da kayan aikin da shi ya sa a gidan, har da na fitar da iska. Kada dai ku riƙe kuɗin haya da kanku don fushi, wannan yana da hanyarsa ta kotu. Shi kuma Abban yara ki nuna masa abin da Injiniya ya rubuta, sabon injin ma in aka jona shi a toshesshen bututu haka zai yi.

A ɓoye sunana:
Alhamdulillah, na dawo da bayani. Mun tura saƙon da hotuna, mai gidan ya turo mai gyara. Da ya zura dogon burushinsa daga waje, abin da ya fito ya cika leda babba, har da ciyayin tsohuwar sheƙar tsuntsu a kwana ta biyu. Ya kwance bayan injin ya nuna mana audugar da ta yi baƙi-baƙi kusa da ƙarfen zafi, Abban yara ya yi shiru. An canza robar da na ƙarfe, an cire ragar, an ja injin baya daga bango. Yanzu murfin wajen yana buɗewa sosai in an kunna. Injiniya, sai yaushe kuma za a sake?

Injiniya daga Teksas:
Madalla. Aƙalla sau ɗaya a shekara, kuma kafin sanyi ya fi. Gida mai yara da yawan wanki, ga kwana uku a bututu, ni zan ce duk wata shida a leƙa. Tsakanin nan ki riƙa zuƙe ramin da rariyar ke shiga da injin shara, da ƙarƙashin dirayar da bayanta. In bazara ta shigo ki sa ido a bakin bututun, lokacin ne tsuntsaye ke neman wurin sheƙa. Kuma ki danna maɓallin ƙararrawar hayaƙin ɗakin ƙasan ki ji ko tana kuka, in babu ita a can ki sa a cikin saƙon da za ki sake tura wa mai gidan.