Shin alamar babban yatsa a WhatsApp ta isa ƙulla ciniki?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Akwai wani hukunci da aka yanke a ƙasar Kanada wanda mutane da yawa suka ɗauke shi labarin ban dariya, amma ni ya hana ni sakat, domin ya taɓa yadda mafi yawanmu muke ciniki a yau.

A watan Maris na 2021 wani ma'aikacin kamfanin sayen hatsi mai suna South West Terminal, a lardin Saskacewan, ya yi magana ta waya da wani manomi, Chris Achter, a kan sayen filakis, wato wata ƙwaya da ake matse mai daga cikinta kamar riɗi. Da suka gama magana sai ya ɗauki hoton takardar yarjejeniya ya aika masa ta saƙon waya, ya nemi ya tabbatar da ita. Manomin bai rubuta ko kalma ɗaya ba, alamar hannu mai ɗaga babban yatsa kawai ya mayar. Kayan sun haura tan 80, kuma a watan Nuwamba ya kamata a kawo su. Kafin lokacin ya yi, farashi ya tashi daga dala 17 zuwa dala 41 a kan ma'auninsu, manomin kuwa bai kawo komai ba. Da aka je kotu ya ce abin da yake nufi da alamar shi ne saƙo ya iso gare shi, ba wai ya amince da abin da ke cikinsa ba. A watan Yuni na 2023 alƙali Timothy Keene ya ƙi karɓar wannan hanzari, ya ce alamar ta tsaya a matsayin amincewa da sa hannu, ya umarce shi da ya biya diyyar dalar Kanada dubu 82 da 'yan kai. A watan Disamba na 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta tabbatar da hukuncin, da rinjayen alƙalai biyu cikin uku.

Ni masara nake sarowa daga Taciman ina sayarwa a nan Kumasi, kuma kusan duk cinikina ta WhatsApp yake tafiya. Dillali yakan aiko mini da farashi da adadin buhuna ina cikin hayaniyar kasuwa, sai in danna masa wannan alamar don ya san na gani, in bar maganar sai na zauna. Tun da aka ƙara damar danna alama a jikin saƙo a 2022, abin ya zama ba ya buƙatar ko tunani. Tambayata ga masana doka da malamanmu ita ce: a nan Gana, idan irin wannan saɓani ya taso, alamar za ta ɗaure mutum? Kuma a shari'ar Musulunci, za a ce ciniki ya faɗa da ita?

Magatakarda Asawase:

Wa alaikumus salam. Alhaji, ina aiki a ofishin lauyoyi, kuma abin da zan fara jawo hankalinka gare shi shi ne wurin da rahotanni suka taƙaita labarin har ma'anarsa ta ɓace. Alƙalin bai ce duk wanda ya aika babban yatsa ya ƙulla ciniki ba. Abin da ya duba shi ne tarihin mu'amalar mutanen biyu. Sun yi shekaru suna ciniki, kuma sau da dama kafin wannan an aika wa manomin hoton takarda ta wannan hanya, ya amsa da gajeriyar kalma mai ma'anar "to" ko "ya yi", sannan ya kawo kayan kamar yadda aka rubuta. Saboda haka tambayar da kotu ta yi wa kanta ba ta shafi abin da ke cikin zuciyar manomin ba. Ta tambaya ne, mai hankali da ya san yadda suka saba, me zai fahimta idan ya ga wannan alama a ƙarƙashin takardar da aka ce a tabbatar? Sabon da ke tsakaninsu shi ya ba alamar nauyinta. Batun sa hannu kuwa ya taso ne domin dokar sayar da kaya ta wancan lardin tana neman rubutu mai ɗauke da sa hannu kafin a tilasta irin wannan ciniki, sai kotu ta ce tun da alamar daga lambar wayarsa ta fito, ta nuna ko wane ne ya aiko ta, ta kuma nuna yardarsa.

A nan Gana hukuncin Kanada ba ya ɗaure alƙalanmu, amma tun da tushen dokar kwangila ɗaya muka gada daga Ingila, lauya zai iya kawo shi a matsayin hujja mai jan hankali, kuma ana sauraron irinta. A Ingila ma, a 2025, wata babbar kotu ta yanke cewa saƙonnin WhatsApp tsakanin wani kamfanin gine-gine da ɗan kwangilar rushe gini sun isa ƙulla yarjejeniya.

Abin da ya fi muhimmanci a gare ka shi ne, dokarmu ta ma fi tasu sauƙi ta wannan fuska. Dokar kwangila ta 1960, mai lamba 25, ta ce rashin rubutu shi kaɗai ba ya ɓata yarjejeniya, sai inda wata doka ta nemi rubutun. Cinikin masara da baki ma yana ƙulluwa, balle wanda ya bar sawu a waya. Doka mai lamba 772 ta 2008 kuma ta amince da bayanan da aka aika ko aka adana ta na'ura, ba a watsar da su don kawai ba a kan takarda suke ba. Inda ake neman rubutu da sa hannu shi ne irin su cinikin fili da gida, a ƙarƙashin dokar filaye ta 2020, da kuma lamuni, wato mutum ya tsaya wa wani a kan bashi, sai dai idan an ƙulla lamunin ta hanyar da al'ada ta amince da ita. Wannan na ƙarshe ya kamata masu gida da ke saukar da fatake su lura da shi, domin tsayawa baƙo a kan kayan da ya ɗauka bashi aikinsu ne tun zamanin fataucin goro.

Shawarata ita ce ka waiwayi tsofaffin saƙonninka da wannan dillali. Idan akwai lokutan da ka danna alamar, bai sake jin komai daga gare ka ba, ya loda mota ka karɓa ka biya, to ka riga ka koya masa cewa alamar taka sallamawa ce, kuma ranar da farashi ya juya maka baya zai yi wuya ka ce wani abu dabam kake nufi.

Malam na Sabon Zango:

Allah ya saka wa mai tambaya da mai amsa da alheri. Ta fuskar fiƙihu, asalin ciniki shi ne yardar ɓangarori biyu, kamar yadda aya ta 29 a cikin Suratun Nisa'i ta nuna. Malaman Malikiyya, waɗanda mafi yawanmu a kan mazhabarsu muka tashi, ba su ƙayyade wani lafazi na musamman ba. A cikin littafinsa na fiƙihu mai suna Mukhtasar, Shehu Khalil ya ce ciniki yana ƙulluwa da duk abin da ke nuna yarda, ko da ta hanyar miƙo kuɗi da karɓar kaya ne ba tare da magana ba. Nuni da hannu ko da kai yana shiga ciki idan mutane sun san shi da wannan ma'ana. Saboda haka ba zan ce alamar waya ba ta da wani matsayi ba. Al'adar 'yan kasuwar wurin, da sabon da ke tsakanin mutanen biyu, su za a tambaya, kuma a nan maganar ɗan'uwanmu Magatakarda ta yi daidai da ta malamai. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ma ta zauna a Jidda a 1990, ta amince da ƙulla ciniki ta hanyoyin sadarwa na zamani, amma ta ware aure saboda sharaɗin shaidu, da canjin kuɗi saboda sharaɗin hannu da hannu, da cinikin salam, wato a biya kuɗi yanzu a kawo kaya daga baya, saboda sharaɗin gabatar da kuɗi.

A kan salam ɗin nake so in ɗan tsaya, domin akwai abin da ya fi alamar damuna a cikin irin wannan ciniki. Idan kayan da aka siffanta sai bayan watanni za a kawo su, shari'a ta nemi a san awo, a san lokaci, kuma mai saye ya gabatar da kuɗin. Malikiyya sun yi rangwamen jinkiri na kwana uku kawai. Idan kuwa kaya bashi ne, kuɗi ma bashi ne, an shiga sayar da bashi da bashi, wanda malamai suka hana. Da yawa daga cikin rigingimun da ake kawo wa limamai da sarakunan Zango daga nan suke tasowa: an yi magana a waya, babu wanda ya fitar da ko sidi ɗaya, kowa yana jiran ya ga inda farashi zai karkata kafin ya yanke wa kansa ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Wanda ya san a ransa cewa ya yarda, sannan ya fake da cewa alama ce kawai don ya ga kaya sun yi tsada, ko kotu ta wanke shi, alkawari yana wuyansa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi mai ajali a kuma kafa shaidu, kuma jimla guda da za ka rubuta a waya, mai ɗauke da adadi da farashi da rana, ta fi kusa da wannan umarni fiye da hoton yatsa.

Hajiya Mai Albasa:

Malam, Allah ya ƙara sani. Na gamsu da bayanin ku duka biyu, amma akwai wani gefe da ba a taɓo ba, kuma ina ganin shi ya fi yawa a kasuwanninmu. Kotun Kanada ta dogara da cewa lambar wayar ta manomin ce, don haka shi ya danna. A wurinmu waya sau da yawa ba ta mutum ɗaya ba ce. Manyan 'yan kasuwa nawa ne, maza da mata, waɗanda ba su yi karatun boko ba, yaron shago ko jika ne yake karanta musu saƙo yana amsawa? Yaro ya ga saƙo daga wanda ya girme shi, ladabi ya sa ba zai bar shi babu amsa ba, sai ya danna yatsa. Uwar ɗakinsa ba ta ma ji farashin ba. Idan aka ce wannan ya ɗaure ta a kan mota guda ta albasa, an zalunce ta.

Kuma kada a manta da yadda farashi ke gudu a ƙasar nan. A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023, da aka rufe iyakoki, motocin albasa sun maƙale a hanya, kuɗin buhu ya yi tashin da kowa ya gani. A irin wannan yanayi farashin safe ba shi ne na yamma ba, kuma saƙon da aka danna wa alama ranar Litinin zai iya zama makami a hannun wani ranar Alhamis. Ga shi WhatsApp yana ba mutum damar gyara saƙonsa cikin minti 15, yana ba shi damar goge shi daga wayoyin biyu, alamar da aka danna ma ana iya cire ta. Wanda ya iya waya ya fi ƙarfin wanda bai iya ba.

Ni abin da na tsayar a rumfata shi ne, ba na ɗaukar ciniki ya faɗa sai na ji muryar mutum yana faɗin adadi da farashi da bakinsa, sannan ya turo kafin alƙalami ta momo, wato tura kuɗi ta waya. Saƙon kuɗin yana ɗauke da suna da rana da lokaci, kuma ba a hannun ɗayanmu kaɗai yake ba.

Magatakarda Asawase:

Hajiya, maganarki tana da tushe a doka. Lambar waya hujja ce, amma ana iya rushe ta, kuma mutum yana da damar kawo shaida cewa ba shi ya danna ba. Sai dai kotu za ta sake tambaya: wannan yaron, an saba shi ne yake amsa wa abokan ciniki da sunanki, kina kuma cika abin da ya amsa? Idan haka ne, ana iya ɗaukarsa wakilinki, abin da ya ƙulla ya hau kanki ko da a wannan karon bai shawarce ki ba. Don haka duk wanda ya damƙa wayarsa a hannun yaro ya kamata ya gaya wa dillalansa ƙarara, da muryarsa, cewa amsar yaron sanarwa ce kawai ta isowar saƙo, sallamawa kuwa daga bakinsa za ta fito. A ajiye wannan saƙon murya, kada a goge shi. Ga wanda ba ya son zuwa kotu kuma, doka mai lamba 798 ta 2010 ta amince da sasanci na gargajiya idan ɓangarorin biyu sun yarda suka kai kansu, saboda haka zaman da ake yi a gaban sarkin Zango ko shugabannin kasuwa yana da matsayi, kuma su ma waɗannan saƙonnin za su nemi a buɗe musu.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba saƙonnina kamar yadda aka ba ni shawara, na kuma tarar cewa lallai akwai lodin da aka yi mini a kan alamar kaɗai, na karɓa na biya. Yau zan aika wa dillalaina saƙon murya in bayyana musu cewa daga yanzu sai sun ji adadi da farashi daga bakina. Malam, saura tambaya ɗaya da bayaninka ya tayar mini: kafin alƙalamin da Hajiya take karɓa ta momo, idan kayan sai bayan wata guda za su iso, ya wadatar a fita daga sayar da bashi da bashi, ko sai an biya kuɗin gaba ɗaya?