Shin ya dace mai sayar da intanet ya toshe sifam da bairos daga na'urorin kwastomominsa?

MaiWaifai_Samaru:
Assalamu alaikum. Tambaya ce ga masana. Wanda ke raba waifai ga gidajen ɗalibai a Samaru da Palladan na Zariya, kwastoma kamar 80 duk a bayan adireshin IP guda ɗaya, rautarsa MikroTik. Sai ga adireshin ya shiga jerin Spamhaus, ƙungiyar da ke lissafa adiresoshin da ake zargi da tura sifam (saƙonnin banza da ba a nema ba), imel ɗin wasu ya daina isa. Shin ya toshe zirga-zirgar da ke kama da sifam, ko kuwa wannan shiga hurumin mutum ne tunda ya biya kuɗinsa?

Injiniya_Kongo:
Wa alaikumus salam, Malam. Ya toshe, amma abin da za a toshe kaɗan ne, kuma sananne ne.

Na farko ƙofa ta 25 ta TCP, mai fita waje (ƙofa ita ce port, lambar da ke bambanta nau'in zirga-zirga a intanet). Ƙofar nan ta sabobin imel ce tsakanin junansu. Wayar ɗalibi ko laftof ɗinsa ba su da aiki da ita, domin manhajar imel ta gaskiya tana bi ta 587 ko 465 ne, inda sai an shigar da suna da kalmar sirri. Gmail ta burauza kuma 443 take bi. Saboda haka idan ka ga laftof yana buɗe ɗaruruwan haɗi zuwa ƙofa ta 25 a sabobi daban-daban cikin minti guda, ba mai shi ba ne ke rubuta wasiƙa, bairos ne ya mayar da na'urar ɗan aike. Tunda kowa yana fita da adireshi ɗaya, wake ɗaya ne ya ɓata gari.

A fayawol ɗin MikroTik, wato matatar da ke bari ko hana zirga-zirga, dokar toshewar tana zama a chain=forward, ba input ba, da protocol=tcp, dst-port=25, action=drop. Ka sa wata doka a samanta mai action=add-src-to-address-list da wa'adin kwana ɗaya, ita ce za ta nuna maka adireshin cikin gida na mai cutar. Inda aka fi yin kuskure shi ne jeri: fayawol daga sama yake karantawa zuwa ƙasa, idan akwai dokar da ta amince da duk abin da ya fito daga cikin gida a sama da taka, taka ba za ta taɓa aiki ba. Duba ma'aunin fakiti na dokar, in yana kan sifiri to a banza take zaune. Idan kana raba IPv6, sabon tsarin adireshin IP, fayawol ɗinsa daban ne, sai an maimaita dokar a can.

Na biyu ƙofofi na 135, 137 zuwa 139, da 445. Na raba fayil ne da sauran ayyukan Windows a cikin ofis, ba na fita intanet ba. Ta 445 bairos ɗin WannaCry ya bazu a watan Mayun 2017.

Malama_TudunWada:
Injiniya, na yarda da ƙofa ta 25, amma kada mai tambaya ya ɗauka ya samu lasisin toshe duk abin da bai gane ba. Ko 25 ɗin ma tana da masu amfani da ita na halal: tsofaffin injinan fotokwafi masu tura abin da aka sikana ta imel, da wasu na'urorin naɗar kyamarar tsaro. Irin su da yawa a shagunan buga takardu na PZ da bakin jami'a. Ranar da aka toshe, injin zai ce ya kasa turawa, mai shago kuma ya yi ta zargin mai gyara. Maganin shi ne a sauya saitin injin zuwa 587, in ba ya iyawa a sa adireshinsa a jerin waɗanda aka ɗaga wa ƙafa, a kuma taƙaita shi ga sabar imel guda ɗaya.

Batun tace bairos a cikin abin da mutane ke saukewa kuwa, a bar shi. Yawancin zirga-zirgar yau a rufe take da HTTPS, rauta ba ta ganin cikinta. Kafin ka gani sai ka dasa takardar shaidarka ta dijital (certificate) a na'urar kwastoma ka riƙa buɗe masa saƙo, har da na banki. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, kuma mai ƙaramin waifai ba shi da ƙafar ɗaukar wannan kaya. Ka dubi lambar ƙofa da yawan haɗi, ka bar abin da ke ciki. Sannan a rubuta ƙofofin da aka toshe a shafin shiga na hotspot, kowa ya gani kafin ya sayi tikiti.

Injiniya_Kongo:
Haka ne, Malama. Ƙari ɗaya: wani lokacin rautar ce da kanta mai cutar. A 2018 an shiga MikroTik masu yawa ta wani rami a Winbox, manhajar saita rautar, mai bi ta ƙofa ta 8291. A sabunta RouterOS, tsarin da ke tafiyar da rautar, a rufe 8291 da 23 daga waje, a duba ko an kunna SOCKS (hanyar da baƙo zai riƙa fita ta layinka) ko an dasa wani aiki a scheduler. Idan allow-remote-requests na DNS a kunne yake, a toshe ƙofarsa ta 53 daga waje, in ba haka ba da layinka za a riƙa kai wa wasu hari.

Dattijo_KofarDoka:
Kafin a nemi Spamhaus ta cire adireshin, a duba wane ne daga cikin jerinta, PBL ko XBL. PBL ba tuhuma ba ce, jerin adiresoshin da bai kamata su tura imel kai tsaye ba ne, kuma wanda ke bi ta 587 ba ruwansa da shi. XBL ne ke nufin an ga alamar cuta. A gyara tukuna sannan a nema, domin in an cire ka da cutar a ciki za a mayar da kai. A kuma dubi adireshin da ke bakin rautar ta waje: idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin da ke ba ka layi ya haɗa ka da wasu a adireshi ɗaya, mai laifin ma wataƙila ba naka ba ne. Nan sai ka nemi adireshi naka na kanka.

Kwastoman da aka kama kuma kada a yanke shi shiru. A juya shi zuwa shafin da ke faɗa masa na'urarsa ta kamu, a bar masa hanyar sabunta Windows da maganin bairos, a sake shi bayan awa 24 in dokar rautar ba ta sake kama shi ba.